Matse Hoto: Abin da Aka Zubar Ba Ya Dawowa

Duk mai riƙe da wayar zamani ya san wannan lamari, ko da bai san sunansa ba. Mai hoto zai ɗauki hoton biki tas, har zaren aikin wuyan riga ana iya ƙirgawa, amma kafin hoton ya zagaya zauruka uku ko huɗu na WhatsApp, wannan ya yanke gefe, wancan ya ɗauki hoton fuskar wayarsa ya sake turawa, sai a ga fuskoki sun yi dishi-dishi, bango ya rabu gida-gida, rubutun katin gayyata ya yi hazo har ba a bambance 3 da 8. Galibi laifin yakan faɗa kan kyamara ko kan raunin sabis. Alhali kyamara ta gama aikinta tun farko, sabis kuwa ko dai ya kai fayil yadda yake ko ya kasa kai shi, ba ya cinye masa kyau a hanya. Abin da ya faru shi ne an matse hoton, an sake matse shi, kuma a kowace matsa an zubar da wani abu daga cikinsa. Ra'ayina shi ne wannan zubarwa ba ha'inci ba ce, hasali ma da babu ita da yawancinmu ba mu iya tura ko hoto ɗaya ba. Haɗarinta a wuri guda yake: abin da aka zubar ba ya dawowa, kuma ido ba ya sanar da mutum an yi asara sai ranar da ya buƙaci abin. Don haka aikin da hoto zai yi shi ya kamata ya yanke irin matsar da za a yi masa, kuma ko wace iri aka zaɓa, a ajiye asali, a raba kwafi.

Kafin a gane dalilin matsewa sai an san nauyin hoto. A wurin waya ko kwamfuta hoto tarin lambobi ne kawai. An rarraba shi zuwa ƙananan ɗigo da ake kira fiksel, kowane fiksel kuma ana bayyana launinsa da lamba uku, ta ja da ta kore da ta shuɗi, kowace daga 0 zuwa 255. Cakuɗa waɗannan ukun na haifar da launi sama da miliyan 16, kuma kowace lamba na cin gurbin bait ɗaya. To ɗauki kyamarar waya mai fiksel miliyan 12, wato 4,000 a kwance da 3,000 a tsaye. Miliyan 12 sau uku ya ba da bait miliyan 36, ke nan megabait 36 ga hoto guda. Da a haka ake tura hotuna, da gigabait ɗaya na data bai isa talatin ba. Amma in ka duba cikin wayarka za ka tarar irin wannan hoton bai fi megabait uku zuwa biyar ba, wanda ya iso ta WhatsApp kuwa sau da yawa ko rabin megabait bai kai ba. Hanya biyu ce ake bi a rage wannan nauyi: ko a sake tsara lambobin yadda za su ci ƙaramin wuri ba tare da an rasa ko ɗaya ba, ko a zubar da wasu. Ta farko ita ce matsewa marar asara, ta biyu matsewa mai asara. Bambancinsu kamar na wanda ya ninke babbar riga ya sa a akwati ne da wanda ya kai ta wurin tela a rage ta. Ta farko in an warware ta dawo yadda take, ta biyu kuwa ta zauna daidai a jiki, amma ƙyallen da almakashi ya cire ya tafi ke nan.

Matsewa marar asara da maimaici take cin abinci. Hoton farar takarda yana iya ƙunsar fiksel dubu farare a jere, don haka maimakon a rubuta lambar fari sau dubu, sai a rubuta ta sau ɗaya tare da adadinta. Wata dabarar ita ce a ba abin da ya fi yawan fitowa gajeriyar alama, wanda ba kasafai yake fitowa ba a ba shi doguwa. David Huffman, yana ɗalibi a jami'ar MIT ta Amurka, shi ya gano hanya mafi dacewa ta raba irin waɗannan alamomi, aka buga aikinsa a 1952. A 1977 kuma Abraham Lempel da Jacob Ziv suka fito da dabarar da in ta ci karo da jerin da ta taɓa gani, sai ta nuna inda ya gabata da tsawonsa, ba sai ta sake rubuta shi ba. Tsarin GIF da kamfanin CompuServe ya fitar a 1987 ya ginu ne a kan wani reshe na aikin waɗannan biyun. Da kamfanin Unisys mai riƙe da haƙƙin mallakar reshen ya nemi a riƙa biyansa a ƙarshen 1994, sai masana suka haɗa kai suka ƙirƙiro PNG, wanda ya zama karɓaɓɓen tsari a 1996, kuma kyauta ga kowa. PNG yakan yi hasashen launin kowane fiksel daga maƙwabtansa na hagu da na sama, ya adana bambancin kaɗai, sannan ya bi da dabarun Lempel da Ziv da na Huffman. In an buɗe fayil ɗin kowace lamba na komawa mazauninta, ko sau dubu aka rufe aka buɗe.

Da wannan hanya ta wadatar, da ba a nemi ta biyu ba. Tana da iyaka, kuma iyakar ba ta ƙarancin basira ba ce. Claude Shannon ya nuna tun 1948 cewa kowane saƙo yana da ma'aunin ainihin bayanin da ke cikinsa, kuma babu dabarar da za ta matse shi ƙasa da wannan ma'auni ba tare da an rasa wani abu ba. Zane da taswira da tambarin kamfani da hoton rubutu cike suke da maimaici, shi ya sa PNG ke rage su ƙwarai. Hoton da kyamara ta ɗauka kuwa wani abu ne daban. Bangon da ido ke gani launi ɗaya, in aka leƙa lambobinsa sai a tarar wannan fiksel 141, na kusa da shi 143, na gaba 140, saboda kaushin bangon, da sauyin haske, da 'yar ƙurar da idon kyamara ke haifarwa da kansa. Babu maimaicin kirki a nan. Matsewa marar asara kan tsaya ne wajen rabi ko sulusin nauyin irin wannan hoto, wato megabait 36 su koma tsakanin 12 da 18, wanda har yanzu kaya ne mai nauyi ga mai sayen datar mako.

Daga nan injiniyoyi suka koma nazarin idon ɗan Adam, don su san abin da yake gani da abin da ke wuce shi. Ido ya fi kaifi wajen gane bambancin haske da duhu a kan bambancin launi, abin da masu ƙera talabijin mai launi suka ci moriyarsa tun shekarun 1950. Tsarin JPEG, wanda wani kwamitin ƙwararru na ƙasa da ƙasa da aka kafa a 1986 ya kammala a 1992, da wannan raunin ido yake farawa. Yakan juya lambobin ja da kore da shuɗi zuwa lamba ɗaya ta haske da biyu na launi. Sannan a yawancin wayoyi sai a ɗauki fiksel huɗu-huɗu, a bar wa kowanne lambar haskensa, amma a haɗa su a kan launi guda. Inda ake da lamba goma sha biyu, yanzu saura shida. Rabin nauyi ya tafi tun ba a shiga ainihin aikin ba, kuma da wuya mai kallo ya lura.

Mataki na biyu ya samo asali ne daga Nasir Ahmed, injiniya haifaffen Bangalore ta ƙasar Indiya, wanda ya kawo tunanin a 1972 yana jami'ar jihar Kansas a Amurka, ya buga shi a 1974 tare da T. Natarajan da K. R. Rao. Ana yanka hoto zuwa ƙananan murabba'ai na fiksel takwas a kwance, takwas a tsaye, wato 64. Lissafin yana sake bayyana kowane murabba'i a matsayin cakuɗen zane 64 da aka tanada tun farko: na farko shafaffe ne mai launi ɗaya, na biye da shi suna sauyawa a hankali daga haske zuwa duhu, har a kai na ƙarshe masu ƙananan ratsi a cunkushe. Kowane zane ana ba shi lamba mai nuna yawan rabonsa a murabba'in. Har zuwa nan ba a zubar da abin kirki ba, amfanin lissafin kawai shi ne ya tattara mafi yawan bayanin a lambobi kaɗan na farko, ya bar sauran ƙanana. Sai a zo wurin yanka. Kowace lamba a raba ta da wani adadi, a mayar da sakamakon cikakkiyar lamba mafi kusa. In an raba 27 da 10 an sami 2.7, sai a rubuta 3. Ranar buɗewa a ninka 3 sau 10, a sami 30 a madadin 27, kuma babu wanda ya sake sanin 27 ce asali. Lamba 4 kuwa in an raba ta da 10 sifili take komawa, sifili kuma ko sau nawa aka ninka shi sifili ne. Lambobin ƙananan ratsin nan, waɗanda ido bai cika kula da su ba, su ake rabawa da adadi mafi girma, don haka yawancinsu ke zama sifili, sannan dabarun marar asara su tattare dogon jerin sifilan a ɗan wuri. Ma'aunin inganci da manhajoji ke nunawa daga 1 zuwa 100 girman adadin rabawar yake juyawa. Ba kason kyan hoton cikin ɗari yake nufi ba, kuma 80 ta wannan manhaja ba lallai ta yi daidai da 80 ta waccan ba.

Wanda ya fahimci waɗannan matakai zai iya duban tabon da ke jikin hoto ya faɗi mafarinsa. In an tsananta rabawa, kowane murabba'i ya rasa yawancin zanensa ya koma kusan launi ɗaya, bai kuma dace da maƙwabcinsa ba, sai hoton ya fito gida-gida. Sararin samaniyar magariba da ya kamata ya sauya a hankali daga ja zuwa shuɗi sai ya fito hawa-hawa. Inda baƙi ya haɗu da fari kai tsaye, kamar bakin harafi a takarda, wannan kaifin yana buƙatar ƙananan ratsin da aka mayar sifili, shi ya sa ake ganin wata ƙura ta kewaye haruffa. Jan rubutu ya fi shan wahala, domin tun a matakin farko an raba launinsa da maƙwabta uku, sai ya malale waje. Ga fuskar mutum ko bishiya ko taron jama'a, ana iya rage nauyi ninki goma ba tare da an ga wani sauyi ba, domin irin hotunan da aka ƙera JPEG dominsu ke nan. Rubutu kuwa ma'anarsa a cikin kaifinsa take. Lanƙwasar da ta raba ƙ da k, ko ɗ da d, a ƙaramin bugu fiksel kaɗan ce, kuma tana cikin abubuwan farko da ke dusashewa.

Akwai masu cewa tunda haka ne, a daina matsewa mai asara baki ɗaya, a riƙa adana kome cikakke, ai ma'ajiya ta yi arha. Masu wannan magana sun manta cewa hoton da bai isa wurin mai kallonsa ba ba shi da wani inganci. Labarin kumbon Galileo na hukumar NASA ya isa hujja. An harba shi a 1989 zuwa duniyar Jufita, wadda malamai ke kira Mushtari, da babbar eriyar da aka tsara za ta riƙa aiko bit 134,000 a daƙiƙa guda. A watan Afrilun 1991 eriyar ta ƙi buɗewa. Ƙaramar eriyar da ta rage, ko bayan duk gyare-gyaren da aka yi wa tashoshin karɓa a ƙasa, ba ta wuce bit 160 a daƙiƙa ba. Injiniyoyi suka aika wa kumbon sabuwar manhaja yana can sararin samaniya, mai matse hotuna da wani ɗan'uwan lissafin Nasir Ahmed, kuma da taimakonta aka cim ma kimanin kashi 70 cikin ɗari na manufofin tafiyar bayan ya isa a 1995. Da an nace sai cikakken hoto, da 'yan ƙalilan ne za su iso. Halin mai ƙaramar waya a ƙauyen da sabis ke zuwa yana ɗaukewa bai yi nisa da wannan ba. Matsewa mai asara ita ta sa mahaifiya ke ganin hoton jikanta a rana guda, ɗan kasuwa ke nuna wa mai saye kaya daga wani gari. Wanda ya raina ta bai taɓa lissafin kuɗin data ba.

Daga ɗaya ɓangaren kuma akwai masu cewa in dai ido bai ga bambanci ba, to ba a yi asarar kome ba. Wannan magana gaskiya ce muddin hoton zai tsaya a girman da aka kalle shi, a hasken da aka kalle shi, ba a sake taɓa shi ba. Da zarar an kai shi wurin wanki za a buga babban fosta, murabba'an da suka ɓuya a fuskar waya sai su bayyana. Da zarar an ƙara masa haske don a ga abin da ke cikin inuwa, sai a tarar inuwar ta zama dunƙulen duhu, domin an zubar da ƙananan bambance-bambancen da ke cikinta. Sannan ga asarar da ke hawa kan asara. Kwafar fayil daga waya zuwa memori ko kwamfuta ba ta rage masa kome, ko sau nawa aka yi. Amma duk lokacin da aka buɗe JPEG aka gyara aka sake adanawa, ana sake raba lambobin ana zubar da ɓurɓushi. In an yanke gefe, iyakokin murabba'an na gusawa, sai sabuwar matsa ta ɗauki tabon tsohuwa a matsayin wani ɓangare na hoton, ta adana shi, ta ɗora nata a kai. Ɗaukar hoton fuskar waya ta fi muni, domin tana mayar da fiksel miliyan 12 zuwa ɗan abin da fuskar ke iya nunawa, sannan a sake matsewa wurin turawa.

Duk da haka dusashewa asara ce mai gaskiya, domin tana nuna kanta, mai kallo ya san kada ya dogara da abin da bai gani sosai ba. Wadda ta fi ban tsoro ita ce asarar da ke fitowa tas. A 2013 wani masanin kwamfuta Bajamushe, David Kriesel, ya lura cewa wasu na'urorin ɗaukar hoton takardu na kamfanin Xerox suna sauya lambobi. A taswirar wani gini, faɗin ɗaki ɗaya ya bayyana a gurbin na wani ɗakin, a wani jadawalin kuɗi kuma 6 ta koma 8. Dalilin yana cikin wani tsarin matsewa mai suna JBIG2, wanda ke duba haruffan da suka yi kama da juna a shafi, ya adana hoton ɗaya, ya liƙa shi a gurbin sauran. In bugun ya yi ƙanƙanta, sai ya ɗauki 6 da 8 abu ɗaya ne. Takardar na fitowa tsaf, babu hazo, babu tabo, amma lambar ƙarya ce. Kamfanin ya amsa matsalar ya fitar da gyara, kuma a 2015 hukumar tsaron bayanai ta Jamus ta hana amfani da irin wannan dabara ga takardun da za su tsaya a madadin na asali. Darasin a fili yake: kyan gani da amincin bayani abu biyu ne, kuma matsewa mai asara na farkon take kula da shi.

Wannan ba ya nufin duk wani aiki mai muhimmanci sai marar asara. Hukumar FBI ta Amurka, da ta tashi mayar da miliyoyin katunan zanen yatsa zuwa kwamfuta a farkon shekarun 1990, ta ga murabba'an JPEG na yanke layukan yatsa. Ba ta gudu daga matsewa mai asara ba, sai ta sa aka ƙera wata ta musamman mai suna WSQ, wadda ke rage nauyi kusan ninki goma sha biyar, amma aka gwada aka tabbatar tana barin wuraren da layi ya ƙare ko ya rabu biyu, waɗanda su ne ƙwararru ke dubawa. Wato an fara sanin abin da aikin ke buƙata, sannan aka zubar da saura. Haka a asibiti, likitocin hoto sun amince da matsewa mai asara a wasu ayyuka bisa iyakokin da aka gwada. Abin da ba a gwada ba shi ne al'adar ɗaukar hoton fim ɗin ƙirji ko na ƙashi da waya a tura wa likita ta zaure. Hoton na'urar CT yana ɗauke da matakan toka dubbai tsakanin fari da baƙi, JPEG na yau da kullum kuwa 256 kawai yake iya riƙewa, sannan a matse su da ma'aunin da aka tsara don hoton biki. Irin wannan na iya taimakawa a halin gaggawa in babu wata hanya, amma 'yar tsagewar ƙashi ko ɗan tabo a huhu na cikin ƙananan abubuwan da aka koya wa tsarin ya zubar.

Masu adana kayan tarihi sun daɗe da gane haka. Shirin ceton kundaye na Babban Ɗakin Karatun Birtaniya, wanda ya ɗauki nauyin ayyuka a Arewacin Najeriya da Mali, yana buƙatar a miƙa hotuna a tsarin TIFF da ba a zubar da kome daga cikinsa ba, sannan daga nan a fitar da ƙananan kwafi don masu dubawa a intanet. Wanda ya san rubutun hannu na malamanmu zai ga hikimar. A salon da aka saba da shi a ƙasar Hausa, harafin fa ɗigonsa ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗaya a sama, wasulla sau da yawa da jan tawada, ga sharhi da ƙananan haruffa a gefen shafi, a kan takardar da ta yi shekara ɗari ko fiye ta rine. Siririn ja a kan takarda mai ruwan ƙasa shi ne daidai abin da JPEG ke fara ci. Gidajen malamai da yawa na da irin waɗannan littattafai, kuma 'ya'ya da jikoki na ɗaukar hotonsu da kyakkyawar niyya. In gara ko gobara ko damina ta ci takardar, hoton ya zama shi ne asali, kuma a ranar ne za a san ko cikakke aka ajiye ko wanda ya biyo ta zaure.

Wani zai ce ai yanzu akwai manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke gyara dusasshen hoto ya dawo sabo. Gaskiya suna fitar da hoto mai kaifi, sai dai kaifin ba na asalin ba ne. Lambar da ta koma sifili ba ta ɓuya a wani lungu na fayil tana jiran mai nema. Manhajar tana duba miliyoyin hotunan da aka horar da ita da su ne, ta zana abin da ya fi kama da wanda zai dace a gurbin. A 2020 an sa wani dusasshen hoton Barack Obama a irin wannan manhaja, ta fitar da fuskar wani Bature tas, mutumin da babu shi a duniya. Ga tsohon hoton kaka da za a rataya a falo, hasashe na iya faranta rai. Ga lambar mota, ko adadin kuɗi a rasit, ko fuskar wanda ake tuhuma, hasashen da ya sa rigar gaskiya ya fi hazo haɗari. Haka nan masu juya JPEG zuwa PNG da zaton zai ƙara kyau, fayil ɗin ne kawai zai kumbura, tabon kuma a adana shi da cikakkiyar amana. Amfanin juyawar ɗaya ne, ta hana ƙarin asara in za a yi ta gyara.

Sababbin tsare-tsare sun fito, kuma sun fi JPEG iya aiki. Google ya fitar da WebP a 2010, Apple ya koma HEIC a wayoyinsa a 2017, AVIF ya biyo baya a 2019. Sukan ba da kyau iri ɗaya a ƙaramin nauyi, wasunsu ma na da hanyoyin biyu, mai asara da marar asara. WhatsApp ya ƙara zaɓin HD a 2023, wanda ke sassauta matsar amma bai cire ta ba. Ko ɗaya daga cikinsu bai rushe iyakar da Shannon ya nuna ba. Duk tsarin da ya mayar da megabait 36 rabin megabait ya zubar da wani abu, ƙwarewarsa kawai ita ce iya ɓoye gurbin, kuma gwargwadon iya ɓoyewarsa gwargwadon yadda mutum ke buƙatar sanin an yi zubarwar.

Ba na tsammanin kowa zai zauna yana lissafin murabba'ai kafin ya tura hoto, kuma ba a buƙatar haka. Tambaya ɗaya ta isa: kallon wannan hoton za a yi, ko dogaro da shi za a yi? In na kallo ne, a bar manhaja ta matse shi, ta rage wa mai karɓa kuɗin data. In na dogaro ne, kamar takardar fili, shaidar karatu, rasit, sakamakon asibiti, tsohon littafi, ko hoton da za a kai wanki, a tura shi ta hanyar da ake tura takardu, wadda ke kai fayil yadda yake. Zane da rubutu a adana su a PNG. Gyara a yi shi daga asali, a matse sau ɗaya a ƙarshe. Hotunan dogaro ba su da yawa a rayuwar mutum, ƙaramin memori ɗaya zai ɗauke su, sai a yi kwafi na biyu a ajiye a wani wuri. Mai hoto ya ba ango da amarya cikakkun fayiloli, kada ya tsaya ga na zaure. Nauyi mafi girma kuwa yana kan makarantu da asibitoci da ofisoshin da ke karɓar takardun jama'a, domin su ne ke sa iyakar nauyin da za a ɗora, su ne ke zaɓar yadda na'urorinsu ke adanawa, wani lokaci ma su ne ke zubar da takardar asali bayan an ɗauki hotonta. Kafin su yi haka, wajibi ne su ɗauki shafin da ya fi kowanne ƙananan lambobi, su gwada shi da ma'aunin da suka zaɓa, su kwatanta da asalin lamba bayan lamba. Gwajin yini ɗaya ne, kuma haƙƙin mutane da yawa ya rataya a kansa.